Kofi biyar muka ɗauko da Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, to ina yaran suke shiga bayan nan?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa masoya tamaula. Dan Allah ina da tambaya kuma ina so waɗanda suka riga ni fara kallon ƙwallo su ba ni amsa tsakani da Allah, don abin ya tsaya min a rai tun jiya da daddare. Muna zaune a majalisa bayan isha'i ana hirar gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Katar a 2025, sai ƙanina da yake bi na gidan kallo, yaro ne bai wuce sha uku ba, ya ce wai Yaya mu Najeriya mun taɓa zuwa wannan gasar kuwa? Wallahi sai da na ji wani abu ya soki zuciyata. Na ce masa kai yaro, mu ne fa muka fi kowa cin kofin nan a duniya, sau biyar, Brazil ma huɗu gare ta, sai ya kalle ni kamar ina masa tatsuniya, ya ce to me ya sa ƙasashe 48 suka je, Afirka aka ba ta gurbi 10, har Uganda ta je amma babu mu?

Na rasa abin da zan ce masa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne na 2013 da na 2015, na Iheanacho da na Osimhen, sauran a bakin manya na ji. To tambayata biyu ce, na farko dan Allah wani ya jero mana tarihin nan yadda yake daga farko in samu abin da zan faɗa wa yaron nan da hujja, na biyu kuma wanda ya fi damuna, in har da gaske yaranmu sun fi na kowa a wannan matakin to me ya sa Super Eagles ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a babban kofin duniya ba, ina yaran suke shiga? Wasu a majalisa sun ce ai duk ƙaryar shekaru ce shi ya sa, ni kuma raina bai so na yarda ba amma ban da abin kare kai. Yaron nan yana son ƙwallo sosai, kullum da yamma yana fili, shi ya sa ma abin ya dame ni.

Baban Yara Tudun Wada:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka tambayi abin da na daɗe ina son a tambaye ni. Zauna ka ji.

Gasar nan an fara ta ne a 1985 a ƙasar Sin, lokacin ma ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, kuma mu muka ɗauki kofin farko, muka ci Jamus ta Yamma 2-0 a wasan ƙarshe, Jonathan Akpoborie da Victor Igbinoba suka ci ƙwallayen, kaftin ɗinmu Nduka Ugbade, koci kuma Sebastian Brodrick. Ina saurayi a lokacin ina koyon ɗinki, kuma ba zan manta yadda gari ya ɗauka ba, mutanen da ba su san ƙwallo zagayayye ba ne ko mai kusurwa duk sun fito titi, don ka gane wannan shi ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ɗauki kofin duniya na FIFA ko wane iri ne. Janar Buhari ne shugaban ƙasa na soja a lokacin, watan Agusta aka ci kofin, kafin watan ya ƙare aka yi juyin mulki, kuma ikon Allah shekara talatin bayan nan da aka ci na 2015 shi ne dai a kan mulki.

1987 a Kanada mun sake kaiwa wasan ƙarshe, Tarayyar Sobiyat ta cire mu a bugun fenariti bayan an tashi 1-1. Sai 1993 a Japan, wanda ni a wajena duk cikin biyar ɗin babu kamarsa, don 'yan Afirka biyu ne suka haɗu a wasan ƙarshe, mu da Ghana, muka ci su 2-1 ƙarƙashin Fanny Amun. Duba sunayen da ke cikin tawagar nan: Nwankwo Kanu, Wilson Oruma wanda shi ne kaftin kuma shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, Celestine Babayaro ɗan Kaduna, Mobi Oparaku, da Ibrahim Babangida ƙanin Tijjani. Ka riƙe wannan tawagar a ranka don zan dawo kanta.

2001 a Trinidad da Tobago, koci Musa Abdullahi ya kai mu wasan ƙarshe, Faransa ta ba mu 3-0, abin haushin ma mun doke su a rukuni. 2003 a Finland lokacin su Mikel Obi ba a fili aka kore mu ba, maki da ƙwallaye muka yi kunnen doki da Costa Rica aka jefa ƙuri'a ta faɗa kansu, wannan har yau in na tuna sai na ji ɗaci. 2007 a Koriya ta Kudu muka ɗauki na uku a hannun Sifen, an tashi babu ci aka je fenariti suka zubar da uku a jere, mu muka ci uku, golansu a ranar David de Gea ne. Kocinmu Yemi Tella yana fama da ciwo ya jagoranci yaran nan, 'yan makonni bayan an dawo da kofi ya rasu, mutumin nan ya yi wa ƙasa aiki da ragowar ƙarfinsa. A tawagar ne Rabi'u Ibrahim ɗan Kano ya sa lamba 10 har ana cewa an samu magajin Okocha, Macauley Chrisantus kuma ya ci ƙwallo 7.

2009 a gidanmu aka yi, har Kano da Kaduna da Bauchi aka buga wasanni, ni kaina na shiga mota na je Bauchi na kalli wasanmu da Ajantina da muka ci 2-1. Wasan farko a Abuja Jamus ta sa mana uku muka farke duka aka tashi 3-3, muka cire Koriya, muka cire Sifen a Legas, kowa ya gama sakankancewa kofi ya zauna a gida sai Switzerland ta zo ta ci mu 1-0 a Abuja, Haris Seferovic ya sa kai. Daga nan sai naka da ka gani, 2013 a Daular Larabawa da Manu Garba ɗan Gombe, aka ci Meziko 6-1 a rukuni aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe aka ba su 3-0, kaftin Musa Muhammed ya rufe da firikik, sai 2015 a Chile da Emmanuel Amuneke, aka ci Brazil 3-0 a hanya, aka ci Mali 2-0 a ƙarshe, Osimhen ya ci ƙwallo 10.

To ka lissafa, wasan ƙarshe takwas, biyar mun ɗauka uku sun kuɓuce. Ka faɗa wa ƙaninka haka da bakin wanda ya gani.

Tambayarka ta biyu kuwa, na ce ka riƙe tawagar 1993. Shekara uku bayan Japan, su Kanu da Babayaro da Oruma da Oparaku suna cikin waɗanda suka ɗauko zinare a Atlanta 1996 tare da su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Amokachi, aka ci Brazil 4-3 aka ci Ajantina 3-2. Ka ga ashe abin yana yiwuwa in an riƙe yaran an bi da su mataki mataki. Sau ɗaya muka yi shi da kyau, shi ne ban ga an sake yi ba.

Gaskiya Ɗaya:

Baba Allah ya ƙara girma, tarihi ka kawo shi tsaf babu inda zan gyara maka, amma ka yi haƙuri akwai wajen da ka tsallake kuma shi ne zuciyar maganar. Batun shekaru ba ƙagen 'yan majalisa ba ne. A 1989 FIFA da kanta ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda an samu saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu tsakanin takardun da aka bayar a gasa daban daban, har muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991, sai a 1999 muka samu muka yi. Wannan ba a ɓoye yake ba.

Kuma ɗan uwa mai tambaya, hanya mafi sauƙi da za ka gane ita ce ka ɗauki wasan ƙarshe guda ɗaya ka bi yaran ɓangare biyu ka ga inda kowa ya ƙare. Ɗauki 2009. Switzerland da ta ci mu tana da Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Seferovic, mutanen nan sun yi shekara goma da ɗoriya suna buga wa babbar tawagar ƙasarsu, Xhaka ya yi kaftin a Arsenal ya je Leverkusen ya ɗauki kofin Jamus. Brazil da aka kora tun a rukuni a gasar tana da Neymar da Coutinho da Casemiro da Alisson, Jamus tana da Gotze da ter Stegen, Koriya tana da Son, Sifen da suka zauna a Kano suna da Isco da Koke da Morata. Mu kuma wanda aka ba kyautar gwarzon gasar gaba ɗaya namu ne, Sani Emmanuel, ya je Lazio daga nan labarinsa ya dusashe, sai Omeruo da Onazi ne suka fito sosai har suka ɗauki kofin Afirka a 2013. Haka 2007, Toni Kroos ne gwarzon gasar, ka ga inda ya kai, Chrisantus da ya fi shi cin ƙwallo fa?

Ban ce kowane yaro da bai kai ko'ina ba ƙarya ya yi ba, Allah ya kiyaye ni da ɗaukar alhakin wani, akwai rauni akwai rashin sa'a akwai mugun eja, wato dillalin 'yan wasa. Amma in mai shekara 21 ya shiga cikin 'yan 16 dole ya yi kamar aljani a fili, ƙarfi da gudu duk ya fi su, bayan shekara huɗu su sun girma sun kamo shi shi kuma ya riga ya kai ƙarshen girmansa, a nan ne za ka ji ana cewa wane ya ɓace. Mu masu kallo muna da namu laifin don kofi muke so ko ta halin ƙaƙa, ranar da aka ɗauko babu mai tambayar komai.

Koci Na Layin Dogo:

Salam. Ni shekara sha huɗu ke nan ina horar da yara a filin unguwa, 'yan sha biyu zuwa sha bakwai, don haka bari in sa baki daga inda nake tsaye.

Malam Gaskiya Ɗaya maganarka akwai gaskiya a ciki kuma ba zan musa ba, ni da kaina an sha kawo min saurayi da gemu ya fara fitowa an aske, a ce min Koci sa shi a 'yan sha biyar, in ƙi a ji haushina. Amma ka tsaya a 2009 ba ka ƙarasa ba. A shekarar ne FIFA ta fara amfani da na'urar MRI, ana ɗaukar hoton wuyan hannu a duba ƙashin ko ya gama haɗewa, akwai mataki ɗaya zuwa shida, wanda ya kai na shida an ɗauka ya wuce sha bakwai sai a cire shi. To kofin 2013 da na 2015 duk bayan an fara wannan gwajin aka ci su, kuma ka duba abin da suka haifar, Iheanacho ya je Man City ya je Leicester ya ɗauki kofin FA, Awoniyi ya buga Bundesliga da Firimiya, Chukwueze ya ɗauki Europa da Villarreal ya je Milan, Osimhen ya ɗauko wa Napoli kofin lig na Italiya bayan shekara 33 suna jira ya zama gwarzon Afirka a 2023. Waɗannan ba ɓacewa suka yi ba. Kuma na'urar ita ma ba ma'asumiya ba ce, Wilfred Ndidi gwajin nan ya hana shi buga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 ta 2013 a Maroko, ga shi ya yi shekaru yana buga Firimiya, wani yaron ƙashinsa na saurin haɗewa wani kuma yana jinkiri, don haka tana iya cire mai gaskiya ta bar wanda ya wuce.

Ni abin da na fi gani da idona shi ne ramin da ke tsakanin shekara 17 da 21. Yaron Sifen in ya dawo daga gasa kulob ɗinsa zai koma, akwai koci mai takarda, akwai likita, akwai abinci, akwai lig na sa'anninsa duk mako, ana sa shi a ƙaramar tawaga yana buga wa har ya ƙosa. Namu in ya dawo sai liyafa da alƙawari, daga nan ejoji su yi masa caa kamar ƙuda a kan mangwaro, kowa na son ya sayar da shi kafin farashi ya faɗi, dokar FIFA kuma ba ta bari a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai ya zauna shekara guda ko fiye babu wasan kirki yana jiran biza, in ya tafi kuma a jefa shi ƙasar da bai san yarenta ba ga sanyi ga kaɗaici, a ba da shi aro nan a ba da shi aro can. Ko Osimhen ɗin ai da ya je Wolfsburg bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, ga rauni ga zazzaɓi, sai da ya koma Charleroi a Beljiyam ya farfaɗo, da mai ƙaramar zuciya ne da tuni an manta da shi. Awoniyi Liverpool ta saye shi ya yi shekara shida ana yawo da shi aro bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba saboda takardar izinin aiki. To waɗannan su ne suka tsira, ka yi tunanin nawa ne ba su tsira ba.

Akwai wani yaro da na rena tun yana ɗan sha ɗaya, ɗan tsakiya ne mai ƙafar hagu, wallahi in yana riƙe da ƙwallo sai ka ce da zare ya ɗaure ta. Wani mutum ya zo ya ce zai kai shi gwaji waje, mahaifinsa ya sayar da fili ya ba shi kuɗi ban sani ba sai da aka gama, aka kai yaron wata ƙasa aka ajiye shi a ɗaki da wasu yara wata bakwai babu kulob babu komai, da ƙyar aka haɗa kuɗin jirgi ya dawo, yanzu Keke Napep yake ja kuma ko filin ba ya son zuwa. Duk lokacin da na gan shi sai na ji kamar ni na yi sakaci.

Sannan a da akwai gasar makarantu, akwai kofin shugabannin makarantun sakandare, akwai YSFON da ke haɗa yara daga jihohi, malamin wasanni ya san yaro ya san ajinsu ya san shekararsa don rajista na hannunsa. Yanzu filayen makarantu da yawa an yanka an yi shaguna, inda muke atisaye ma rabin filin ya tafi. In babu gasar da ake bi duk shekara to ta ina koci na ƙasa zai ga yaron Gumel ko na Zuru ko na Mubi? Sai dai a kira gwaji na kwana uku a tara yara dubu a fili ɗaya, wanda yake da mai kai shi gaba shi za a gani.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa gare ku 'yan uwa na Najeriya, daga Zinder nake bin hirar nan. Koci ka yi magana mai kyau. Ina so in tuna muku wani abu don in ana tambayar yaushe abin ya fara lalacewa, to ni ina ganin daga wajenmu ya fara. A 2016 kuna riƙe da kofin duniya aka haɗa ku da Mena tamu ta yara, wato tawagar Nijar, a wasan neman zuwa gasar Afirka, kafin wasa gwajin MRI ya zubar muku da yara 26 a sansani, kuka ci mu 1-0 a Abuja, muka ci ku 3-1 a Yamai muka wuce. Ban faɗi haka don tsokana ba, mu a ranar kamar sallah ce don ba mu taɓa zaton za mu cire mai riƙe da kofin duniya ba. Daga nan muka je Gabon muka kai kusa da ƙarshe, muka samu tikitin kofin duniya na 2017 a Indiya karo na farko a tarihinmu, muka ci Koriya ta Arewa 1-0 a wasan farko, muka fito daga rukuni sai Ghana ta cire mu 2-0.

Amma ku duba, mu ma tambayar ɗan uwa ta hau kanmu, yaran nan na 2017 da muka ɗora wa buri har yau babbar Mena ba ta koma gasar Afirka ba tun 2013. Ciwon iri ɗaya ne. Kuma wani abin da ya ƙara muku wahala shi ne tsarin shiyya da hukumar ƙwallon Afirka CAF ta kawo, yanzu dole sai ka fito daga shiyyarmu ta WAFU B, ku da mu da Ghana da Cote d'Ivoire da Burkina Faso da Benin da Togo, gurbi kuma kaɗan ne, to ko kana da kyau wasa ɗaya in ya ɓaci shi ke nan. Burkina kuwa ku daina ganinsu kamar ƙanana, sun daɗe suna aikin yara.

Gaskiya Ɗaya:

Koci na karɓi gyara a kan 2013 da 2015, ban yi musu adalci ba da na haɗa su da na baya. Amma ka lura tunda aka tsananta gwajin nan sau nawa muka je? 2017 babu mu, 2019 a Brazil mun je Holan ta cire mu 3-1 a zagayen 'yan 16 duk da Ibrahim Sa'id ya ci uku rigis a wasan Ecuador, 2023 Burkina ta cire mu 2-1 tun a gasar Afirka a Aljeriya, kuma Ugbade ɗin da ya ɗaga kofin 1985 shi ne koci, 2025 ko gasar Afirka ba mu je ba. Ni wannan yake sa ni zargi.

Maman Husna:

Ku yi haƙuri in shigo, duk kun manta da mata. Flamingos 'yan ƙasa da 17 sun ɗauko tagulla a Indiya a 2022, Jamus suka doke a fenariti bayan 3-3, kuma sun cire Amurka kafin nan. Falconets sun kai wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da 20 sau biyu, 2010 da 2014, duka Jamus ta hana su, a na 2014 ne Asisat Oshoala ta ɗauki kyautar gwarzuwa da ta yawan ƙwallaye, kuma ita ba ta ɓace ba ta je har Barcelona. Ni malamar firamare ce kuma abin da Koci ya faɗa kan rajista shi ne ya taɓa ni, iyaye da yawa ba sa karɓar takardar haihuwa sai ranar da ake nema, sai a je kotu a yi takardar rantsuwa a rubuta shekarar da aka ga dama, to yaron da shi kansa bai san ainihin ranar haihuwarsa ba ta yaya za ka ce ya yi ƙarya. Dan Allah iyaye a riƙa karɓar takardar nan tun yaro na jariri, kyauta ce ko kusan kyauta, kuma ba don ƙwallo kaɗai ba.

Baban Yara Tudun Wada:

Malama kin kyauta da kika tuna mana. Ni ma akwai abin da na bari, Flying Eagles, tawagarmu ta maza 'yan ƙasa da 20. Su ba su taɓa ɗaukar kofin duniya ba, na uku a 1985, na biyu a 1989 a Saudiyya inda Sobiyat ta sa mana huɗu a Dammam muka farke duka muka cire su a fenariti sannan Portugal ta ci mu 2-0 a ƙarshe, sai 2005 a Holan da Siasia, su Mikel da Taye Taiwo da Sani Kaita, Messi ya ci mu da fenariti biyu aka tashi 2-1. Ghana ce ta riga mu ta ɗauka a 2009 a Masar, Maroko ma ta ɗauka a 2025. Ɗana ka lura da yadda abin ke raguwa, a 17 kofi biyar, a 20 babu ko ɗaya, a manya zagayen 'yan 16 sau uku, 1994 da 1998 da 2014. Maganar Koci ce dai, kowane mataki aka hau sai an zubar da wasu a hanya. Maroko kuwa makarantar ƙwallo suka gina ta Sarki Mohammed na shida kusa da Rabat suka yi haƙuri shekaru, su En-Nesyri da Ounahi da Aguerd da suka kai kusa da ƙarshe a babban kofin duniya na Katar 2022 daga can suka fito.

Ɗan Kurna:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na karanta wa yaron jawabinka gaba ɗaya, da na zo wajen Dammam sai da ya sa na maimaita, wai huɗu da babu kuma aka farke? Yanzu ya ce sai na nemo masa bidiyon a YouTube. Malam Gaskiya Ɗaya maganarka ta yi min ɗaci amma ba zan ce ƙarya ka yi ba. Koci labarin yaronka ya tsorata ni wallahi, don ko watan jiya akwai wanda ya tare ƙanin nan nawa a fili ya karɓi lambar mahaifiyarmu wai yana da hanya, ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai yanzu. Me kake ganin ya kamata in yi?

Koci Na Layin Dogo:

Ƙanina abu na farko ka faɗa wa Hajiya kada ta ba kowa ko sisi, duk wanda ya ce a kawo kuɗi kafin a kai yaro gwaji ka rabu da shi, kulob na gaske shi yake biyan kuɗin jirgi ba iyaye ba, kuma ɗan sha uku babu inda doka ta yarda a kai shi waje. Kada ku ba da fasfo ko takardar haihuwarsa ta asali, in babu takardar ku je ofishin hukumar ƙidaya ku yi masa yanzu da shekararsa ta gaskiya, kada wani ya ce muku a rage biyu don gaba, in aka rage yau da NIN da komai sai ta bi shi har tsufa. Makaranta kuma kada ya bari ko kwana ɗaya saboda atisaye. Ka nemi koci a unguwarku wanda iyaye suka sani kuma yake sa yara a gasar sa'anninsu, ka je da kanka ka tsaya bakin fili sau biyu sau uku ka ga yadda yake mu'amala da su kafin ka miƙa shi. Wace ƙafa yake bugawa da ita, kuma wane waje yake tsayawa a fili?